Ɗari da Goma a Ƙarƙashin Taga

Ba zan taɓa mantawa da wannan warin ba, ko da an wayi gari na manta sunan layin gidana. Warin wayar tagulla ce da ta ƙone, gauraye da ƙwai da man shanu. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina aikin lantarki a Madina, na shaƙi irin warin nan a gidajen mutane ba adadi, kuma kullum ni ne mai shigowa da jaka yana girgiza kai yana tambayar wa ya taɓa wannan. Ranar da nake ba ku labari a majalisina, wato ɗakin baƙina, aka yi, kuma ba wanda ya buƙaci ya yi tambayar. Kowa ya ga wanda ya taɓa.

Bari in faro daga tushe. 'Yata ta uku, Samira, ta tafi Amurka karatu, ta dawo mana da digiri da kuma zancen wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Yusuf, wanda ya musulunta tun yana saurayi. Na yi ta jan ƙafa wata da watanni (wannan ma kuskure ne, amma ba shi na zo faɗa yau ba). Daga baya na ga mutumin kirki ne, aka bi takardu, aka ɗaura aure, suka koma can suka zauna har Allah Ya ba su 'ya'ya biyu.

Bara sai ga Samira ta kira mu ta bidiyo, ta ce za su tashi daga Amurka su koma Fotugal. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, kamar yadda duk 'ya'yanmu haifaffun nan suke yi. Ta ce zama ya yi musu tsada. Kuɗin haya ne ke fara cin albashi kafin su su ci. Inshorar asibiti tana biye da shi, kuma duk da ita, da ƙaramin yaronsu ya faɗi ya karye a hannu, takardar da asibiti ya aiko ta fi karayar zafi. Ga shi a unguwarsu ko burodi ba ka iya saye sai ka tayar da mota, don haka motoci biyu suke ciyarwa kamar dabbobi. Shi Yusuf aikinsa a kwamfuta yake, duk inda ya zauna nan ne ofishinsa. Sai suka nemo wani madaidaicin gari a Fotugal inda haya ke da sauƙi, likita ba ya tsorata mutum, kuma ƙafa da bas sun ishe ka.

Ta yi ta zayyana mana yadda zaman zai kasance. Shagga ƙarama, wato sashen gidan bene, a hawa na uku, babu lif. Firij bai fi akwatin takalma uku ba, don haka kullum sai ta sauka kasuwa da kwando. Babu injin busar da tufafi, igiya ake ɗaurawa a bakin taga. Akwai wani mahauci ɗan Maroko da ke sayar da naman halal, tafiyar minti goma a ƙafa. Takardu kuwa, ta ce sai ka sami lambar haraji kafin banki ya kula ka, sai ka sami banki kafin mai gida ya kula ka, sai ka sami gida kafin masu iƙama, wato takardar izinin zama, su kula ka. Na saurara har ta gama, sannan na ce mata, "Wato za ku haye teku ku je ku yi irin zaman da kakarki ta yi a tsohuwar Madina, sai dai ita ba ta cike takarda ba." Hajiya, matata, ta yi dariya har ta ajiye wayar a kan tabarma, muka koma kallon rufin ɗaki daga nan, su ma suna kallon namu daga can.

Da na tsaya a nan da na fita da mutuncina. Amma ni mutum ne da ba a kawo magana gabansa ya bar ta ta wuce ba shawara. Iyakar tafiyata a duniya Masar ce, sau ɗaya, kwana tara. Duk da haka na ba su shawara a kan sanyin Turai, da abincin Turai, da halin Turawa, hujjata ita ce na taɓa gyara wa alhazan Turai butocin shayi a masaukansu. Suna ta cewa to, to.

Sai aka zo kan kayan wuta, wato gonata. Samira ta ce duk waɗanda suka riga su ƙaura sun gaya musu abu ɗaya: kada su ɗauki komai mai filogi. Wutar Amurka ɗari da goma ce, ta Turai ɗari biyu da ashirin, duk abin da ka kai can ka soka sai ya ƙone. Sun sayar da motoci, da firij, da injin wanki, har da dutsen guga. Abu ɗaya ne Yusuf ya kasa sayarwa, injin kwaɓa fulawa na mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekaru kaɗan bayan aurensu. Tsohon inji ne na ƙarfe, ruwan ƙwai, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Da shi ta riƙa yi musu kek duk ƙarshen mako tun suna yara, kuma da aka zo rabon kayanta shi kaɗai ya ce yana so. Ya yanke shawarar barinsa a wurin ƙanwarsa.

Ni kuwa na gyara zama. Na ce wa ya gaya musu? Mu nan Madina mun yi shekaru da wuta iri biyu a gida ɗaya, ɗari da goma a wannan bango, ɗari biyu da ashirin a wancan, kuma ni na ja wa rabin unguwar Ƙurban wayoyinsu. Tunda za su biyo ta nan su yi umra kafin su wuce, su taho da shi. Zan haɗa masa muhawwil, akwatin nan mai rage ƙarfin wuta, da hannuna, ya yi aiki a Fotugal har jikoki su gada. Samira ta ce, "Abuya, yana da nauyi fa, sai mun bar akwati guda saboda shi." Na ce su bari. Yusuf ya leƙo cikin hoton da 'yar Hausarsa da ya tsinta, ya ce, "Baba, gaskiya?" Na dafa ƙirji na ce gaskiya.

Haka suka bar akwatin littattafan Samira, suka naɗe injin cikin barguna, ya bi su jirgi biyu da mota ɗaya har ƙofar gidana.

Ranar Juma'a bayan la'asar na haɗa musu 'yar walima. Na kira limamin masallacin unguwarmu, da maƙwabta, da tsofaffin abokan sana'a daga unguwar Sultana, inda warshata, wato shagon aikina, take kafin in rufe ta. Cikinsu har da Usta Adam (usta muke ce wa gwanin sana'a, ni ma haka ake kirana). Shi Bahaushen Cadi ne, mai naɗin wayar mota, wato idan injin fanka ko famfo ya ƙone shi ke warware tagullar ya naɗa sabuwa. Mun yi aiki a shago ɗaya muna matasa kafin kowa ya kama nasa. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya ko a kan kuda. Akwai wani labari nasa da na fi shekara ashirin ina bayarwa a duk taron da muka haɗu: yadda wani alhaji ya kawo rediyonsa gyara, Adam ya soka shi a babbar wuta, rediyon ya yi ƙara ɗaya ya mutu, alhajin ya bi shi da takalmi har bakin titi. Ina da yadda nake kwaikwayon gudun. Kullum mutane su yi dariya, shi kuma ya yi murmushi ya kalli ƙasa. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Ni na matsa a fito da injin gaban jama'a. Yusuf ya so a bari sai baƙi sun tafi, na ce ina, ai albarka ce mutane su ɗanɗani kek ɗin mahaifiyarsa da dabinon Madina a ciki. Shirina shi ne in kunna shi a tsohuwar wutar ɗari da goma kowa ya ga lafiyarsa, sannan in yi musu bayanin muhawwil ɗin da zan haɗa. Aka kawo ƙaramin tebur tsakiyar majalisi. Yusuf ya naɗe hannun riga, ya zuba fulawa da sukari da ƙwai da man shanu a kwanon injin, a natse kamar mai alwala. Dattawa suka matso, don yawancinsu ba su taɓa ganin namiji yana kwaɓin kek ba. Duk cikin fararen riguna na Juma'a, an sha guga, an sha turare.

A ƙarƙashin tagar majalisina akwai wani soket. A samansa an rubuta ɗari da goma da jan fenti, kuma ni na rubuta da hannuna shekarar da muka tare. Na nuna shi da yatsa na ce wa jama'a su ga amfanin tsari, gidan usta ko makaho ba ya ɓata. Daga nan bakina ya zame zuwa labarin rediyon alhaji, na bayar da shi tun daga farko, har da gudun. Samira ba ta nan balle ta fassara, amma Yusuf ya yi dariya don ya ga ana yi.

Da dariya ta lafa, Adam ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar mitarsa ta gwajin wuta, wadda ba ya rabuwa da ita ko masallaci zai je. Ya miƙo mini ya ce a hankali, "Usta, ba za ka auna ba?"

Na ce, "Adam, a gidana? Ajiye abinka, ka riƙe don rediyo."

A daidai lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofar cikin gida. Ku da kuka san gidajenmu kun san haka mata ke sanar da cewa shayi ya iso, a buga ƙofa maigida ya je ya karɓo faranti. Aka buga sau uku, da ƙarfi fiye da kullum. Na ɗaga murya na ce shayi ya ɗan jira. Aka sake bugawa. Na ce, "Hajiya, haƙuri, minti ɗaya." Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na soka filogi, ya shige daidai kamar don shi aka yi soket ɗin. Na ce wa Yusuf bismillah.

Ya murɗa makunnin zuwa lamba ɗaya, mafi sanyin gudu. Injin bai san da wannan ba. Ya yi wani kuka irin na babur da aka murɗe wa wuya, teburin ya fara rawa, fulawa ta tashi sama kamar an fasa buhu. Ƙwai ya bi ta. Na ga kwaɓi ya tashi ya sauka a gemun liman, wani ya manne a madubin idon maƙwabcina, wani ya haye har kan labule. Dattawan da ke cewa ba sa iya miƙewa sai an kama su, ranar na ga sun miƙe. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido biyar ba. Sai aka ji tas, shuɗin haske ya fito ta bayan injin, hayaƙi ya biyo, sannan warin nan.

Fanka kaɗai ke juyawa tana rarraba sauran fulawar a kan jama'a da adalci.

Daga bayan ƙofa muryar Hajiya ta fito, ba ta ko ɗaga ta ba. Ta ce, "Usta, ba kai ka mayar da wannan soket ɗin babbar wuta ba, shekarar da muka sayi injin share kafet? Ka ce gobe za ka goge rubutun."

Wallahi a take na tuna. Na tuna ranar, na tuna sukurdireban da na yi aikin da shi, na tuna har inda na ajiye ƙyallen da zan goge fentin da shi gobe. Goben nan ta fi shekara goma tana jirana.

Liman ne ya fara dariya, yana tsamo kwaɓi daga gemu, ya ɗanɗana ya ce sukari ya ji. Majalisi ya kece. Ni ma na so in bi su, sai idona ya faɗa kan Yusuf. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya zare filogin, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen injin kamar mai taɓa goshin mara lafiya, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Ma'alesh, Baba," wato ba komai. Da ya zage ni da Turanci da na fi jin daɗi. Mutum ya bar littattafan matarsa, ya ɗauko abu ɗaya tak da ya rage masa na uwarsa ya kawo mini don na dafa ƙirji, ni kuma na kashe shi a gaban liman.

Saura kwana biyar su tashi. Washegari da hantsi na naɗe injin cikin bargonsa, na sa a mota, na nufi Sultana. Na wuce ƙofar warshar Adam sau biyu ina yi kamar ina neman wurin fakin. Shekara ashirin ban taɓa shiga shagonsa ba, sai dai in ɗaga masa hannu daga titi. Da na shiga ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya zuba mini shayi, bai ambaci jiya ba ko da kalma. Ya kwance injin, ya shinshina, ya haska, ya ce naɗin ya ƙone ƙurmus amma ƙarfen lafiya lau, tsohon ƙira ne, irin wanda ba a yi yanzu. Sai ya ce abin da ni ban taɓa kawowa a rai ba: in dai za a sake naɗi, me ya sa za a naɗa shi a ɗari da goma? A sa siririyar waya, a ƙara zagaye, ya koma ɗan ɗari biyu da ashirin gaba ɗaya. Ba muhawwil, ba ɗaukar akwatin ƙarfe zuwa hawa na uku.

Na ce ya faɗi ladansa, ko nawa ne. Ya ce ba kuɗi yake so ba. Ya ci gaba da goge hannu da tsumma, ya ce, "Usta, ranar rediyon alhajin nan, wa na tambaya wane soket zan sa?"

Ni ya tambaya. Ina can ina cin tamis da ful, wato gurasa da wake, ban ko waiga ba na nuna masa da cokali na ce wancan. Da rediyon ya mutu alhaji ya ɗaga takalmi, ni na yi shiru, Adam ya yi gudu. Na bayar da labarin sau da yawa ba tare da cokalin ba har ni kaina na manta akwai cokali. Shi bai manta ba, kuma shekara ashirin yana murmushi yana kallon ƙasa.

Ya ce ladansa kawai in mayar da cokalin cikin labarin.

Kwana uku muka yi a kan aikin. Shi yana naɗi, ni ina riƙe masa da zaren tagulla kamar sabon shiga, in ya ce sassauta in sassauta, in ya ce ja in ja. Maƙwabtan shago suna leƙowa suna tambaya ko Usta ya dawo koyon sana'a ne, wani ma ya tambaye ni ko ina karɓar odar kek. Na haɗiye duka, har na fara jin daɗinsu. Rana ta huɗu Adam ya ɗaure injin, ya yanke filogin Amurka ya sa mai zagayen baki biyu irin na can. Na kira Yusuf. Kafin a soka, na karɓi mitar Adam na auna soket ɗin sau uku, har ya ce, "Usta, ba zai canza ra'ayi ba." Yusuf ya murɗa lamba ɗaya. Injin ya fara juyawa a hankali da wani ɗan gurnani mai daɗi, kamar kyanwa da ta ƙoshi. Yusuf ya kasa kunne, ya ce muryar ce sak, yadda yake jin ta daga ɗakinsa yana yaro. Ya rungume Adam, ya rungume ni, muka tsaya mu uku a tsakiyar tarkacen fankoki muna share ido muna cewa ƙurar shago ce.

Da yammar ranar na sake tara mutanen Juma'a. Wannan karon an ci kek, kuma a faranti. Na miƙe na bayar da labarin rediyon da cokalinsa, na nemi gafarar Adam a gabansu. Abin haushi, sun fi yin dariya da wannan sigar. Adam ya ba ni mitarsa kyauta, ya ce shi yana da wata, ni kuwa da alama ina da bukata.

Yanzu sun kusa shekara a Fotugal. Samira tana kuka da sanyin cikin ɗaki, ta ce gidajen can ba su san ɗumi ba kuma wuta na da tsada, da rigar sanyi take girki. Amma ta saba da kwandon kasuwa, yara suna tafiya makaranta a ƙafa, kuma ta koyi shanya a igiya ba tare da safa ta faɗa wa maƙwabciyar ƙasa ba. Duk Juma'a Yusuf na aiko mana bidiyon injin yana juyi a ɗan ƙaramin kicin ɗinsu. Ya ce 'yan ƙasarsu da suka ƙaura can suna zuwa kallonsa, don duk sun rabu da nasu, suna tambaya wa ya yi masa wannan aiki. Na tambayi Samira me yake ce musu. Ta yi dariya, kuma a karon farko cikin shekaru ta amsa mini da Hausa: "Cewa yake surukinsa ne ya fara aikin, abokin surukin ya ƙarasa."

Rubutun ƙarƙashin taga yana nan. Na ɗauko wuƙa zan kankare, Hajiya ta hana, ta toshe soket ɗin da kanta ta ce a bar fentin, yana da amfani duk ranar da na fara ba baƙi shawara. Ni dai abin da na koya da furfurata shi ne, rubutun hannuna ma sai na auna shi kafin in yarda da shi, kuma duk labarin da na fi kowa iya bayarwa ya kamata in duba me na cire daga ciki. In kuma aka buga ƙofar cikin gida fiye da sau biyu, yanzu tashi nake in je, don ba kullum shayi ba ne.